Larabar da Babu Kowa a Gidan Zane

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin da ke juyawa a ƙofar babban gidan zane-zane ya san Direba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga son tsari har ya ba mutum haushi. In lokacin tashi ya yi, ko uwar mai kamfanin ce ke tafe a guje, sai dai ta jira na baya. Rabin rayuwarsa ya yi yana sauke jama'a a ƙofar gidan nan, 'yan makaranta da malamansu, baƙi masu kyamara rataye a wuya, amma shi bai taɓa leƙawa ba. Cewa yake mai hankali ba ya biyan kuɗi don ya kalli bango.

Sai da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, ya ji cewa safiyar Laraba tsofaffi kyauta suke shiga. Kyauta kuwa ba ta wuce Direba. Ya shiga yana taɓe baki, ɗaki bayan ɗaki, har ya kai na ƙarshe a bene. Can a kusurwa ya ci karo da wani ɗan zane da bai fi faifan murfin tukunya ba, kuma a nan ya tsaya cak. Lungunsu ne. Lungun da aka rushe tun tuni aka ɗora gada a kai. Ga famfon da ake layi, ga koriyar ƙofa, ga tagar ɗakin da suka fara haya, da labule rawaya iska ta ɗan turo shi waje. Matarsa ce ta ɗinka labulen nan da hannunta. A bayan labulen aka haifi ɗansu na fari, a bayansa kuma ya rasu bai ko fara tafiya ba. Ba su da hoton yaron, ba su da na ɗakin.

Matarsa tela ce, shi kuwa Tsohuwa yake ce mata tun tana da ƙuruciyarta, don tsokana. A lokacin ta riga ta rufe keken ɗinkinta da ƙyalle, saboda ciwon ido. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: ganin zai riƙa tafiya daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duk da haka in ta kawo abu kusa da fuskarta tana gane shi, har takan yi wa 'yarsu Auta faɗa a kan karkataccen ɗinki.

Da ya koma gida ya ba Tsohuwa labarin zanen. Sai ta ce, "Ka kai ni gobe."

"Gobe Alhamis," in ji shi. "Ga biya, ga cunkoso. Ki bari dai."

Auta ta sa baki. "Baba, ni zan biya. Ku je ranar Asabar, in raka ku."

"Asabar? So kike a tattake uwarki? Ba maganar kuɗi ba ce."

To, gaskiya akwai maganar kuɗin a ciki, don Direba bai iya ganin ana biyan abin da ake bayarwa kyauta. Amma kada a zalunce shi, akwai abin da ya fi haka. Ya ga yadda ake yi a gidan nan: mutum bai gama tsayawa ba an dafa shi ta baya, wani ya miƙo waya ta saman kansa. Tsohuwa kuwa sai ta kai hanci kusa da gilashi, ta tsaya, ta bi zanen a hankali. So yake ta samu ɗakin ita kaɗai, ta yi kukanta ba mai kallo. Kuma wa ya kai shi sanin ranar da ba kowa? Shekara da shekaru yana ganin lokacin da bas ke cika da lokacin da yake tafiya da kujeru kawai.

Sai aka shiga jira. Wannan Larabar hutun makaranta ne. Waccan kuma lokacin baƙi ne, manyan motoci jere har bakin titi. Yakan je shi kaɗai ya dubo, ya gaida labulen, ya dawo ya ce, "Ba yau ba." Tsohuwa ba ta taɓa musa masa ba, ta saba da tsarinsa. Ta daina yi wa Auta faɗan ɗinki, ta fara lalube kafin ta ɗauki kofi, shi kuwa bawan Allah idonsa na kan hanya. Da baƙi suka fara raguwa ma sai ya daina zuwa dubawa, ya ce yanzu abin a hannunsa yake.

Ranar ta zo yadda ya tsara ta. An koma makaranta, baƙi sun watse, ga ruwa ana yi tun safe. Ya riƙe mata lema, ya zaunar da ita a kujerar bayan direba. A ƙofa ba layi. Takunsu kaɗai ake ji a dogayen ɗakunan, yana tafe yana washe baki, hannunta a cikin nasa.

A ɗakin ƙarshe ya tsaya. Bangon kusurwar fari fat, sai ɗan shacin inda zanen ya zauna da ramin ƙusa.

Mai gadin ɗakin, wata mata da ta saba ganinsa, ta taso. Ta dubi Tsohuwa, ta ja shi gefe ta yi ƙasa da murya. "Baba, an sauke shi makon da ya wuce. Na takarda ne, haske na cin launinsa, dole a kai shi duhu ya huta. Sai an shekara uku ko fi. Lokacin da ba jama'a muke wannan aikin, kullum haka ne."

Kullum haka ne. Daga kujerar direba mutum na sanin ranar da jama'a ba sa zuwa, amma ba ya sanin abin da na ciki ke yi a ranar. Ashe su ma wannan shirun suke jira.

Ya koma wurin matarsa yana neman ta inda zai fara. Tana tsaye inda ya bar ta, fuskarta na kallon farin bangon sosai, ba tazarar kirki tsakaninsu.

"Mun iso?" ta ce.

Nan ne abin ya doke shi, ya fi na farko ciwo. Ko da zanen na nan, ba abin da za ta gani. Bai san yaushe sauran ganin ya ƙare ba, kuma tare suke kwana suke tashi.

"Mun iso," ya ce.

"Matso da ni."

Ya matso da ita har numfashinta na taɓa fentin. Mai gadin ta juya baya ta koma kujerarta.

"Ina tagar?"

"Ga ta nan, dama da ke. Ga famfo a ƙasa. Ƙofar koriya, yadda kika san ta."

"Labulen fa? Bai koɗe ba?"

"Bai koɗe ba. Iska ta turo shi waje."

Ta daɗe a tsaye. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba, ba kuma wanda ya dafa ta ta baya ko ya ce ta gusa. Shi ma nasa na zuba, yana danne numfashi don kada ta ji.

Can ta lalubo hannunsa ta matse.

"Gaskiyarka, Direba," ta ce. "Gara da muka jira. Ka ga ba kowa."