Mai Ba da Murya

Babana kafinta ne. Shagonsa na bayan masu sayar da katako, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, injin yanka a tsakiya, benci biyu a gefe. Shekara talatin ya yi yana tura katako cikin bakin injin nan. Amma in ka tambayi 'yan cocinmu ko wane ne shi, ba mai ce maka kafinta. Mai ba da murya za su ce.

Ƙungiyar mawaƙanmu ba ta da kayan kiɗa in ban da ganga guda, ita ma ba kowace waƙa ake taɓa ta ba. Layi huɗu suke tsayawa: murya ta ɗaya da ta biyu mata, ta uku da ta huɗu maza. Kafin a fara waƙa Baba zai bi layin ɗaya bayan ɗaya. Zai sunkuya kusa da wanda ke kan layi, wato na farko a jeren, ya rera masa sautin da za su ɗauka, a hankali, baki rufe. Shi kuma ya mayar masa. In daidai ne Baba ya gyaɗa kai ya wuce, in da gyara ya sake. Sai ya gama da layi na huɗu sannan shugaban mawaƙa, wani tsohon malami da kowa ke kira Hedimasta, zai ɗaga hannu. Shekara ashirin da shida ana haka. In Baba ya gyaɗa kai, magana ta ƙare.

Mama ce ta fara ganewa. Ita tana murya ta biyu. Ta ga rediyon gidanmu na ƙara ƙarfi wata bayan wata, ta ga sai an kira shi sau uku kafin ya zo cin abinci. Da ta yi masa magana ya ce ƙarar inji ce ba ta gama fita daga kansa ba. Gaskiyar ita ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma yana jin magana in an ɗaga murya kuma yana kallon bakin mai yi. Sautin waƙa na nan daram a kansa, bai taɓa kuskure wajen bayarwa ba. Abin da ake mayar masa ne ya daina ji. Sai ya koma duban fuska: in mutum ya yi da sakin jiki, ya gyaɗa kai.

A haka suka tashi zagayen ikilisiyoyi. Duk bayan shekara biyu ƙungiyar kan ziyarci ƙananan coci-coci, a wannan karon bakwai a kwana tara. Ni ban je ba, ina rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Abin da na rubuta a nan daga bakin Mama na ji mafi yawansa, sauran kuma daga bakin Tela.

Tela shi ne ke kan layin murya ta uku. Siririn mutum ne mai yawan dariya, shi ya ɗinka rigunan ƙungiyar duka, kuma in ya ga maɓalli na lilo a rigar mutum ba ya iya sauraron abin da mutumin ke faɗi. Coci na bakwai na garinsu ne. Mahaifiyarsa na can, tsohuwa wadda ƙafa ta hana ta tafiya mai nisa, ba ta taɓa jin sa yana waƙa cikin ƙungiya ba. An shirya zai rera baiti biyu shi kaɗai a gabanta. Tun a mota ya dami kowa da zancen, har direba ya ce in aka ƙara ambaton tsohuwar nan zai sauke Tela ya ƙarasa da ƙafa ya riga su gaishe ta.

Coci na farko da na biyu lafiya lau. Za a isa da hantsi, a sauke akwatin riguna, dattawan ikilisiya su raba baƙi gida-gida, da yamma a yi waƙa. Mama ta ce duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Duk sanda Baba ya sunkuya kan wani layi, ita ma sai ta miƙa kunne daga inda take tsaye, tana ji masa.

A coci na uku an ajiye janareta dab da taga, daidai gefen maza. Baba ya ba Tela sautinsa. Cikin ƙarar nan Tela ya ɗauke shi ƙasa kaɗan, ya mayar, fuskarsa a sake. Mama ta ji. Ta yi tari, ta motsa ƙafa, amma Baba ya riga ya gyaɗa kai ya wuce. Hedimasta ya ɗaga hannu. Baitin farko na waƙar bai ƙare ba murya ta uku ta yi karo da ta biyu, matan suka fara waige, wasu suka yi shiru, wasu suka ƙara ƙarfi don su rufe ɓarnar. Yara a gaba suka fara dariya. Dole Hedimasta ya tsayar da waƙa a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba.

Bayan an tashi ya tara su a ɗakin karatun yara na bayan coci, manya a kan ƙananan kujeru, gwiwa kusa da haɓa. Tela ya ce shi dai abin da ya ji ya mayar, kuma Baba ya amince. Hedimasta ya juya ya tambayi Baba.

"Abin da ya mayar mini daidai ne," in ji Baba.

Shi ke nan. Ma'anarsa Tela ne ya zame bayan an fara. Ba wanda ya yi tunanin wani abu daban, domin kunnen Baba ba abin tambaya ba ne. A mota washegari aka sa Tela a gaba da tsiya. Wani ya tambaye shi ko zare ne ya sarƙe masa a maƙogwaro, wata ta ce a ba shi man keken ɗinki ya kurkure baki. Yana dariya tare da su, amma Mama ta lura ya daina zancen tsohuwarsa.

A gidan da aka sauke su a gari na huɗu Mama ta sami Baba a bayan ɗaki yana goge takalmi. Ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta, ta ce masa ta ji abin da Tela ya mayar, kuma ba daidai ba ne. Baba ya ci gaba da guga. Can ya ce ta bari su koma gida, zai je asibiti, zai sami Hedimasta su biyu su yi magana. Ya ce in ya faɗa yanzu, a tsakiyar hanya, wa zai ba da murya? Ba wanda aka taɓa koya wa. Mama ta ce wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilinsa ba, kuma su biyun sun sani. Ya ɗauki ɗaya takalmin ya ci gaba da gogewa.

Daga nan Mama ta shiga wani hali. Ba ta iya tona asirin mijinta, ba ta kuma iya kallon Tela. Ta roƙi a matsar da ita ƙarshen layi, wai zafi na damunta a tsakiya, don ta fi kusa da maza. Ta ce da Baba in ta taɓa ɗankwalinta, ya sake ba da sautin. Sau biyu dabarar ta yi aiki a coci na huɗu. A na biyar aka tsayar da su a wani ɗan dandamali mai lanƙwasa, ginshiƙi tsakaninta da shi. Tela kuwa tsoro ya riga ya shige shi, muryarsa na rawa tun kafin ya buɗe baki. Ya mayar da sauti a karkace. Mama ta taɓa ɗankwali har ta kusa tuɓe shi. Baba bai gan ta ba. Ya gyaɗa kai.

Wannan karon ba a tsayar da waƙa ba, an dai ja ta da ƙyar har ƙarshe. Da yamma Hedimasta ya yanke hukunci. Ya ce ba don ƙi ba, amma Tela zai koma tsakiyar layi, wani ya hau kai, kuma baiti biyun nan na coci na bakwai za a ba murya ta ɗaya su rera tare. Tela ya ce to. Ya tashi ya je ya buɗe akwatin riguna yana duba maɓallai ɗaya bayan ɗaya, alhali ba abin da ya same su.

Mama ta ce a ranar ba ta yi wa Baba magana ba, washegari ma haka. Ta kai masa ruwan wanka, ta goge masa riga, ta zauna nesa da shi a mota. A coci na shida wanda aka ɗora kan layin mutum ne mai kunne, aka yi waƙa ba tangarɗa, kowa ya ƙara tabbata cewa matsalar Tela ce.

Sun isa garin su Tela ranar Asabar da la'asar. Tsohuwar ta sa an zaunar da ita a kan kujera a ƙofar coci tun azahar. Da aka nuna mata Baba aka ce shi ne mai ba da murya, ta kama hannunsa da hannu biyu. Ta yi magana mai tsawo, muryarta ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffi, kanta a sunkuye. Baba na ta gyaɗa kai yana cewa amin. Da suka matsa ya tambayi Mama me ta ce. Wannan ne karo na farko da ya taɓa yi mata irin wannan tambaya a bainar jama'a. Mama ta dube shi, ta gaya masa a fili: ta ce ta gode da ya riƙe mata ɗanta, kuma gobe za ta ji abin da ya koya masa.

Da safe, awa ɗaya kafin a shiga sujadar Lahadi a coci, suka taru a wani ajin makaranta kusa da coci don gwaji na ƙarshe. Kowa ya sa riga. Hedimasta ya ce a ba da murya. Baba ya fito gaba, amma bai nufi layi na farko ba. Ya ce yana roƙon a yi masa wani abu. Zai juya baya ya fuskanci allo, su kuma duka su rera sauti ɗaya baki rufe, yadda ake mayar masa. In ya ji zai ɗaga hannu.

Suka dubi juna. Hedimasta ya ce a yi masa. Mutum ashirin da biyu suka fara, a hankali. Baba na tsaye, hannuwa a gefe. Hedimasta ya yi musu alama su ƙara. Suka ƙara. Mama ta ce tana kallon bayan wuyansa, gumi na gangarowa cikin kwalar riga.

"Ku fara mana," in ji Baba.

Wata a murya ta ɗaya ta rufe baki da hannu. Hedimasta ya sake ɗaga tafinsa, suka buɗe baki suka saki murya sosai. Sannan hannun Baba ya tashi.

Ya juyo. Ya ce kusan shekara biyu ke nan ba ya jin abin da ake mayar masa. Ya ce a coci na uku bai ji Tela ba, a na biyar ma haka, kuma da aka tambaye shi ya faɗi abin da bai sani ba. Ya dubi Tela ya ce, "Ƙanena, na bar ka ka ɗauki kayana kwana shida. Ka yafe mini."

Tela bai ce ya yafe ba. Ya tsaya yana murza bakin hannun rigarsa. Daga baya ya gaya mini cewa a lokacin ji ya yi kamar ya tuɓe rigar ya fita, domin kwana shida ya yi yana zaton muryarsa ce ta mutu, har ya fara tunanin barin waƙa. Abin da ya hana shi fita, ta taga yana hango ana shigar da tsohuwarsa coci a kan kujerarta.

Hedimasta ya dubi agogo. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce wannan magana ce ta gida, za a yi ta a gida, yanzu saura minti arba'in kuma yana da layi huɗu ba mai duba su. Ya tambaya ko akwai wanda ya san Baba ya taɓa ba da sauti ba daidai ba. Ba kowa. Ya tambaya wa ke iya jin sautin da kowane layi ke mayarwa. Sai Mama ta ce ita kwana tara ke nan tana yi.

Haka aka shiga sujada. Baba na gaba yana bayarwa, Mama na biye da shi tana saurare, ita ke gyaɗa kai. Tela ya koma kan murya ta uku. Ya rera baitinsa biyu, na farko da ɗan rawar murya, na biyu tsaf. Tsohuwar ba ta bari ya kai ƙarshe ba ta fara gaya wa na kusa da ita cewa ɗanta ne.

Da suka dawo Baba ya ajiye aikin ba da murya. Wata uku ya yi yana koya wa mutum biyu, domin Hedimasta ya rantse ba zai ƙara barin abu a kan mutum ɗaya ba. Likita ya ce kunnen hagu ba ya dawowa, na dama a lallaɓa shi, a rage zama kusa da inji. Tela ya daɗe bai tako shagon ba. In sun haɗu a coci gaisuwa ce kawai, sai a wuce. Sai wajen ƙarshen shekara ƙafar teburin yankansa ta karye, ya ɗauko ta da kansa ya kawo. Baba ya kashe inji, ya jawo masa benci. Tela ya zauna ta gefen kunnen Baba na dama.