Gwiwata Tsakanin Tirela da Bas

Kwana tara na yi ban je aiki ba. A wani shagon magani nake aiki cikin Mubi, kullum daga Gella nake zuwa, in bas ya yi jinkirin cika sai in hau achaɓa.

Ranar kasuwar shanu abin ya faru. Na hau mashin yadda na saba tun ina sakandare, zaman gefe saboda zani, ƙafafuwana duka biyu a hagu. Dab da shiga gari muka tarar da cunkoso. Tirelar shanu a hagu, bas a dama, tsakaninsu 'yar kafa. Mai mashin ko rage gudu bai yi ba. Sai daga baya na gane masu achaɓa da kan mashin suke awo, in kan ya shige to a wurinsu komai ya shige. Ya manta gwiwoyina suna waje.

Na ga ƙarfen jikin tirelar yana nufo ni, warin kashin shanu ya cika min hanci. Sai tirelar ta ɗan karkata, kaɗan ƙwarai. Ƙarfen ya yage zanina, ya ɗebe fatar gwiwa. Da muka fita, mai mashin ya ce ai direban tirelar ya hango ni a madubi shi ya sa ya kauce, wai su suna ganin juna. Har dariya yake.

Yayana da ya ga na ƙi fita, ya nuna min bidiyo a wayarsa don ya kwantar min da hankali. Mota ce a ƙasar waje tana tafiya, sitiyari na juyawa shi kaɗai, ba kowa a kujerar direba. Ya ce irinsu suna da ido ta kowane gefe, ba sa gajiya, ba sa gyangyaɗi, nan gaba su za su cika titi.

"To Yaya, ta san mace tana zaman gefe?"

Ya ce za a koya mata. Na tambaye shi wa zai koya mata, wanda ya taɓa zuwa Gella? Ya ce ita da ta ga mashin zai ratsa, cak za ta tsaya. Na ce to na bayanta fa? Ya ce ni dai na cika tambaya, ya karɓe wayarsa.

Har yau na rasa wanne zan roƙa wa kaina. Mutum ne ya kusa niƙa min ƙafa, da idonsa biyu a buɗe. Mutum ne kuma ya kauce min, wanda ko fuskarsa ban gani ba. In an cire shi daga kujerar, ban san ko an rage min haɗari ba ne ko an ɗauke wanda zai ji tausayina.

Mai shagon ta kira ta ce in ban zo ranar Litinin ba za ta ɗauki wata. Ranar Litinin ɗin na sa wando a ƙarƙashin zani don in hau irin na maza. Mama ta dube ni sama da ƙasa, ta ce mutane za su yi magana, amma ba ta hana ni ba.

A bakin titi na bar mashin uku suka wuce. Na huɗun dattijo ne, na hau, ƙafa ɗaya kowane gefe, na roƙe shi kada ya ratsa tsakanin motoci.

"To 'yata," in ji shi, "amma in ban ratsa ba, sai azahar za ki isa."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, har muka hango cunkoson.