Miyar Inna da Kunyar Ɗan Fari

Aikina na jarida kusan duk a kan abin da mutane ke zubawa a cikinsu ya ƙare. Na fara da ɗan shafi a wata jaridar Hausa a Kano, ina rubutu kan tamowa da kunun yara. Daga baya aka ba ni fili a rediyo, na kuma fitar da littattafai biyu, ɗaya kan abincin yaye, ɗaya kan hawan jini. In na sauka a tashar Gumel, da na buɗe baki zan kira mai babur sai wani ya waigo ya ce, "Af, ba kai ne mai hana mu cin gishiri ba?" Ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye ba. Sai dai wadda na fi so ta saurare ni duk duniya, wato mahaifiyata Inna, ba ta taɓa zama ta ji shirina ba.

Ba gaba muke yi ba. Ni ne ɗan farinta, kuma a gidanmu na Ɗanzomo kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, har furfura ta fito mini a gemu. In na shiga gaishe ta sai ta ja mayafi ta kau da kai, ta amsa a taƙaice. Autarmu, wadda ke zaune tare da ita, ta ce da zarar muryata ta fito daga rediyo Inna za ta tuna akwai akuyar da ba a ba dusa ba, ta miƙe ta yi waje.

Na saba da wannan, ban taɓa jin zafinsa ba, sai shekarar da jiri ya kwashe ta tana tsaka da surfe. Muka kai ta asibiti a Gumel, aka ce hawan jini ne. Likita ya ce ta rage gishiri da kanwa da magi, ta riƙa shan magani kullum. Ta sha har ciwon kai ya lafa, daga nan ta ajiye sauran a cikin kwalla, ta koma miyarta ta da, wadda in ka sha sai ka kwana kana neman randa.

Daga nan zama ya gagare ni. Ina Kano amma hankalina na Ɗanzomo. Waya in ta yi ƙara sai in yi maza in duba ko daga gida ne. Na san ciwon nan sarai, na yi hira da waɗanda ya shanye wa ɓarin jiki, na ga yadda ake juya su a kan tabarma. Ga ni da littafi guda a kansa, amma ba ni da bakin gaya wa uwata ta rage gishiri.

Na fara da aike. Na tura auta, tunda ita ce suke hira har da shewa. Inna ta ce mata, "Ke da kika saki nono jiya, ke za ki koya mini miya?" Na hau babur har Gagarawa wajen yayar Inna, na roƙe ta ta zo ta yi mata faɗa. Ta zo kuwa, Allah ya saka mata, amma tsarabar da ta riƙo mata manda ce, wai daga kasuwar Maigatari aka kawo, ta fi gishirin leda albarka. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na je Sule Tankarkar wajen wani tsohon malami da ya yi karatu tare da mahaifina, ya zo har gida ya yi mata nasiha cewa jiki amana ne. Ta durƙusa tana cewa, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam." Yana fita kamar an shuka dusa.

Har dabara na yi a wurin aiki. Na rubuta shiri guda saboda ita, na ba wata abokiyar aikina ta karanta da muryarta. Auta ta ce Inna ta zauna ta kasa kunne, har tana cewa yarinyar nan ta san abin da take faɗa. Sai wata maƙwabciya mai bakin ganga ta leƙo ta ce, "Ai ɗanki ne ke rubuta musu." Inna ta tashi. Maƙwabciyar nan har yau in na gan ta raina sai ya ɓaci.

Wata ranar Juma'a na isa gida bayan la'asar, na tarar da Inna a bakin murhu. Idanunta sun yi ja, tana dafe da ƙeya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana marmasa magi a tukunya. Ban san lokacin da na wuce inda na saba tsayawa ba. Na je gabanta na zauna a ƙasa, na dube ta ido da ido, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Inna, ni nake miki magana, ba aike ba ne. Na je ta'aziyyar mutane da yawa saboda ciwon nan. Ba na so a zo mini taki. Don Allah ki daina, ki sha maganinki."

Matar ƙanena da ke tankaɗe ta tsaya da rariya a hannu. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta miƙe ta shige ɗaki, ta bar tukunyar a kan wuta. Kafin magariba magana ta zaga dangi. Goggonnina suka ce boko ya cire mini kunya, na tozarta ta a gaban suruka. Da safe na je sallama, na gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ta amsa ba.

Makon nan ban yi aikin kirki ba. Na shiga ɗakin shiri ina karanta abin da na rubuta, ban san me nake faɗa ba. Ina ta tunanin ko ɗan abin da ke tsakaninmu ma na ɓarar, kuma a banza.

Da Juma'a ta zagayo na sake kama hanya. Na gaida Inna, shiru. Na koma zaure na zauna kamar baƙo. Can auta ta shigo da tuwon gero da miyar kuka, ta ajiye tana danne dariya. Na kai loma ɗaya, na ji miyar salam, babu gishiri ko na misali. Kafin in yi magana na jiyo muryar Inna daga bayan katanga, ta ɗaga ta yadda zan ji, tana ce wa auta, "Ki gaya masa tukunya ɗaya ce. Tunda shi ya ce, shi ma ya ci irinta."

Ban taɓa cin miya marar daɗi kamarta ba, na kuma suɗe kwanon tas, hawaye na zubo mini. Auta ta ce Inna ta koma shan maganin, kullum bayan sallar asuba.

Ban sani ba ko haka tukunyar take in ba na nan, shi ya sa har yanzu nake kan hanyar nan kusan duk mako. Gaisuwata kuwa ba ta koma amsa ta ba har yau. In dai tana shan maganin, na yarda.