Dodon Koɗin da Shitu Bai Feɗe Ba

Duk Bahaushen da ya sauka Guangzhou a ƙarshen shekarun 1990 ya san Shitu Tafinta. Dogo ne, siriri, mai tabarau, yana da ɗan ofis a hawa na shida na wani bene a kan titin Huanshi Lu, dab da unguwar Xiaobei. Shi ke tarbo baƙo a filin jirgi, ya sama masa masauki, ya nuna masa inda ake cin halal, ya tsaya tsakaninsa da Basine har ciniki ya faɗa. Kaɗan ne suka san abin da ya kawo shi ƙasar tun farko, shi kuma ba ya son a tambaya.

Ɗan mahauta ne daga Kano. Tun bai kai tsawon teburin nama ba babansa, Malam Barmo, ya koya masa riƙon wuƙa, yadda ake raba fata da tsoka ba a huda ba. Ya yi boko, ya karanta ilimin dabbobi, a 1991 kuma ya samu gurbin ƙaro karatu a Sin. Ya bar matarsa Zulaiha da cikin wata uku, ya ce mata shekara huɗu ce kawai. Ya yi shekara guda yana koyon Sinanci, sannan aka tura shi wata jami'a a Guangzhou, aka damƙa shi hannun wani tsohon malami mai suna Kuang.

Ranar da suka haɗu, da tsohon ya ji sunansa sai ya fashe da dariya.

“Shi-tu? Ka san a harshenmu wannan na nufin malami da ɗalibinsa? To ai kai da aikinka ka zo.”

Malam Kuang ya ƙarar da rayuwarsa a kan wani ɗan dodon koɗin teku da ke manne wa duwatsun gaɓa. Ɓawonsa kamar malfa a kife, bai fi faɗin sule ba. Masana na kiran danginsa Siphonaria. A ido ba ya da bambanci da wasu masu irin wannan ɓawo da ke numfashi kamar kifi. Sai an birkice shi a ga wani ɗan kwari kamar indararo a gefen dama. Ta nan yake shaƙar iska zuwa wani aljihu mai kama da huhu idan ruwa ya janye. Kowannensu namiji ne kuma mace. Wahalar aikin ita ce ɓawo ba ya nuna iri. Guda biyu sai su yi kama kamar tagwaye alhali ba irinsu ɗaya ba. Dole a feɗe, a fito da kayan haihuwa da harshensa mai ɗaruruwan haƙora, a sa a madubin da ke ƙara girman abu, a zana.

Nan ne Shitu ya yi fice. Hannun tsohon ya fara rawa, ɗalibansa na gida kuma sun fi son binciken kifi da jatan lande, inda ake samun aiki. Ran da Shitu ya fara feɗe guda, ya zare abin da ke ciki lafiya lau ba tare da ya tsinke ba, Malam Kuang ya cire tabarau ya dube shi.

“Wa ya koya maka?”

“Babana. Mahauci ne.”

“Ka gaishe min da shi. Ka ce wani tsoho ya gode.”

Shitu yana da shekara ashirin da bakwai ya fara ganin teku. Suka yi awa bakwai a bas zuwa wani ƙauyen masunta a kudu maso yamma, inda baƙaƙen duwatsu suka miƙe cikin ruwa. Ya tsaya yana kallo, yana ta “Subhanallah.” Daga nan kowace shekara sau biyu ko uku suke zuwa, da bokiti da wuƙar cin burodi don ɓamɓarowa. Idan lokacin salla ya yi, tsohon ya kan zauna kan dutse ya riƙe masa takalma har ya idar.

A 1996, a wani lungu da igiyar ruwa ke duka sosai, suka ɗebo guda uku da suka ɗauka irin na kullum ne. Da Shitu ya buɗe su, cikin ya sha bamban da duk abin da ke littattafai. Malam Kuang ya daɗe a kan madubi, sannan ya ɗago.

“Kada mu yi gaggawa. Uku ba hujja ba ne. Muna son talatin, manya, a lokacin da suke ƙwai. Sai watan Afrilu.”

Afrilun shekarar da ta biyo baya aka yi ta ruwa da iska, teku bai ja baya yadda za a kai ga lungun ba. Suka dawo hannu wofi. A lokacin shekara huɗun da Shitu ya faɗa wa Zulaiha ta zama shida. 'Yarsa Fasuma ta shiga makaranta, sau ɗaya tak ya taɓa ganinta. Wasiƙun Zulaiha ba su da faɗa ko gori, sai dai kullum suna ƙara gajarta.

Wata Juma'a a farkon 1998, yana fitowa daga tsohon masallacin birnin, ya ji ana Hausa a bayansa. Wani dattijo ne da rawani, yana ta fama da direban tasi da hannu da ƙafa. Shitu ya matsa ya sasanta su. Dattijon, Alhaji Maidaji, ɗan kasuwar Maradi, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

“Kai ɗana, Allah ne ya jefo min kai. Kwana huɗu ke nan duk inda na shiga sai a ce min mei yo, wai babu. Da Bangkok muke zuwa, yanzu can ta lalace. Ka raka ni gobe kawai, gobe ɗaya.”

Goben ta zama mako. Alhaji ya koma gida ya ba da labari, sai ga mutanen Maradi, sai ga na Yamai, sai ga na kasuwannin Kwari da Wambai na Kano. Shitu yana jin Sinanci, yana jin yaren Kanton na mutanen yankin, ga amana. Cikin wata biyu ya ga hanyar da zai ɗauko iyalinsa. Ya fara zuwa ɗakin bincike sau biyu a mako, sannan sau ɗaya. Malam Kuang bai taɓa yi masa faɗa ba. In ya zo sai ya zuba masa shayi ya tambayi lafiyar baƙinsa.

A tsakiyar Afrilu tsohon ya kira shi a waya.

“Shitu, ƙarshen wata ruwa zai ja baya sosai, kwana uku. Kuma masunta sun aiko min cewa za a cike wurin a gina tashar jiragen ruwa kafin ƙarshen shekara. In ba mu je bana ba, shi ke nan.”

“Zan zo, Malam. Ranar Asabar da safe ina tasha.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Har ya wasa ƙananan wuƙaƙensa ya sa a jaka. Amma ranar Juma'a da yamma Alhaji Maidaji, wanda ya dawo don baje kolin kayayyaki da ake yi a birnin da bazara, ya shigo hankali tashe. Wandunan jins da ya sa aka ɗinka masa a garin Xintang an yanka su a kan awon Sinawa, ba wanda zai shiga ɗan Maradi, ga jirgin ruwa zai tashi Talata.

“In ba kai ba wa zai yi min magana da lawban ɗin nan mai masana'antar? Ni dai ka rufa min asiri kamar yadda Allah ya rufa maka.”

Shitu ya ce a ransa kwana uku ne ai, in ya gama Asabar zai bi malaminsa Lahadi. Ya aika saƙo jami'a, ya nufi Xintang. Mai masana'antar ya kafe, aka yi ta ja, aka kwance ɗinki, aka sake awo. Sai Litinin da la'asar suka fito, hannuwansa duk shuɗin rini.

Malam Kuang ya tafi shi kaɗai, yana da shekara saba'in da ɗaya. Bai iya gangarawa lungun ba sai a rana ta uku, da wata masunciya ta riƙe shi. Guda goma sha ɗaya ya samo. Ya kawo su da rai a bokitin ruwan teku, ya ajiye, ya aika wa Shitu cewa sun fi kyan feɗewa kafin su mutu. Shitu ya ce jibi. Jibin ta zo da baƙi bakwai daga Kano a jirgi ɗaya. Da tsohon ya ga sun fara sakin dutse, ya zuba su a kwalabe da sinadari ya rufe da hannunsa mai rawa.

Daga nan kunya ta hana Shitu zuwa. Kowane mako da ya wuce, zuwan sai ya ƙara nauyi. Ya rubuta wa jami'a cewa ya dakatar da karatu na shekara guda, bai kuma kai takardar da kansa ba.

A watan Nuwamba ya ji cewa ɓarin jikin tsohon ya shanye. Ya sayi lemo ya je asibiti da rana. Malam Kuang ya rame, bakinsa ya karkace, amma ya gane shi. Shitu ya durƙusa gefen gado kamar yadda zai yi wa mahaifinsa.

“Malam, ka yafe min.”

Tsohon ya daɗe yana haɗa kalmomi. “Iyalinka... sun zo?”

“Takardu sun kusa.”

“Madalla. Mutum ya fi dodon koɗi.” Ya huta. “Amma suna nan a kabad. In ka samu rana ɗaya.”

“Zan samu, Malam.”

Azumi ya shigo, ya wuce, aka shiga hidimar kayan salla babba. A watan Maris na 1999 Malam Kuang ya rasu. Matarsa ce ta hawo benen Huanshi Lu da kanta, tsohuwa 'yar ƙarama da jakar leda. Ta ajiye masa kwalaben da wani littafin rubutu. Ta ce jami'a za ta mayar da ɗakin binciken ofis, marigayin kuma ya ce a ba Shitu su. Ko zama ba ta yi ba.

Ranar ya rufe ofis tun azahar, ya cire wayar tarho. A littafin tsohon ya rubuta komai: wurin, yanayin dutsen, awon ɓawo, launin ƙwai. Shafuka shida ya bari fari, a saman kowanne ya rubuta da karkataccen hannu abin da za a zana a wurin. Shitu ya buɗe kwalba ta farko. Murfin bai ɗauru ba, sinadarin ya tsiyaye, naman ya bushe ya ƙanƙance kamar ƙanzo. Ta biyu haka. Tara daga ciki haka. Biyun da suka rage ya jiƙa su, ya ari madubi, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma wuƙa na taɓawa suka marmashe.

Da damina ya hau bas ɗin awa bakwai. Ƙauyen yana nan, duwatsun ne babu. An zuba siminti tun daga bakin hanya har cikin ruwa, manyan motoci na juye tsakuwa. Ya bi gaɓa gabas da yamma kwana biyu yana ɓamɓara yana dubawa. Duk irin na kullum ne.

Ya kwafi littafin, ya haɗa da ɓawon da zanensa uku na 1996, ya aika wa wani masani a ƙasar waje da malaminsa ke yawan ambata. Bayan wata huɗu amsa ta zo, mai ladabi. Mutumin ya ce zanen ya ba shi sha'awa ƙwarai, mai yiwuwa sabon iri ne, amma da guda uku da busasshen ɓawo ba wanda zai iya sa masa suna. Ya tambaya ko za a iya samo wasu.

Shitu ya fara rubuta amsa sau biyu bai gama ba. A watan Disamba Zulaiha da Fasuma suka iso. Yarinyar ta tsaya bayan uwarta tana leƙensa, sai da aka ce mata, “Ki gaida babanki mana,” sannan ta durƙusa. Ya kama musu gida mai ɗaki biyu a Xiaobei, kuma bai sake komawa jami'a ba.