Baba Idi Magini, Wanda Ya Hana Ni Kama Gida Sai An Yi Ruwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Idi Magini ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina wanke baro a bakin kasuwa. Ashe tun jiya bayan la'asar aka kai shi makwancinsa, a nan cikin Kaduna. Ina garin, ban sani ba.

Ban samu jana'izarsa ba, kuma ba laifin kowa ba ne, nawa ne. Tun safe abin yake cina, gara in faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Kudan ne, ya fi shekara talatin yana gini a garin nan. Ni daga Dandamisa na zo, yau shekara huɗu, ina tura baro. Lokacin rake in sayar da rake, in ya wuce in kama abin da ya samu. Ba dangina ba ne. A masallacin kasuwa ya ji ina magana, ya ce wannan bakin na ƙasar Makarfi ne, ɗan wa ye ni? Tun daga ranar ya riƙe ni.

A zaurensa nake ajiye baro. Da tayar ta lalace shi ya gyara mini.

Bai taɓa yarda na ba shi rake kyauta ba. Sai dai ya ce in yanko masa ta wajen gindi, kada in yi masa wayon 'yan Makarfi.

Da na ce masa ina so in ɗauko matata, uwar Ummi, da yara su dawo wajena, ya ce to, amma shi zai raka ni neman gida. Na yi murna. Ban san na ɗauko wa kaina aiki ba.

Dillalan gidaje ba sa son ganin Baba. Dillali zai buɗe ɗaki yana yabon tayil da silin, Baba yana can waje a tsugune yana kallon gindin katanga. In ya ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa, sama kuma tsoho, sai ya sa farce ya kankare kaɗan, ya miƙe ya ce mu tafi. Ya fi yarda da mai garuwa a kan maigidan. Zai tsayar da shi, su gaisa, ya tambaye shi daga ina yake turo ruwa, kuma wane lungu ne ba ya son shiga da damina.

Shi a wajensa ba a kama gidan iyali da zuwa ɗaya. Sai an zo da safe lokacin tafiya makaranta, a ga ko yara suna tsallaka kwalta, kuma wa ke riƙe musu hannu. A dawo bayan la'asar a ga su wa ke zama a bakin layi, kuma in matar aure ta zo wucewa suna rage murya ko ƙarawa suke. Zuwa na uku shi ne wanda ya hana ni sakat: sai bayan an tafka ruwa mai ƙarfi.

Na ce masa, Baba, yanzu fa rani ne. Ya ce ai damina ba ta taɓa fasa zuwa ba.

Bara a watan Maris, ana tsakiyar zafi, wasu 'yan garinmu suka nuna mini ciki da falo a gidan da suke haya. Ba zan faɗi sunan unguwar ba. Ina shiga na ga bayan gidan kore shar, ga ayaba, ga rijiya da za ka iya ɗibar ruwa da hannu ba guga. Ga mutanenmu, ana hira irin ta gida. Ni manomi ne ɗan manomi. A wajenmu in ka ga ciyawa ɗanya a watan Maris, ka ga alheri. Nan take zuciyata ta kwanta.

Na kawo Baba ina ɗoki. Ko ɗakin bai shiga ba. Ya leƙa rijiya, ya taka ciyawar, ya dube ni.

"Sabi'u, kai da aka haifa a fadama, ka kasa gane fadama don an shafa mata siminti? Nan wurin dasa rake ne, ba wurin ajiye yara ba."

Na yi dariya, na ce Baba ya cika tsanani. Bayan kwana biyu na kama ɗakin ban faɗa masa ba, na je na ɗauko iyalina.

Abin da ke ba ni haushi har yau, na ga alamar da idona. Duk ɗakin da na leƙa a gidan, gadon yana kan bulo, wani ma bulo bibbiyu. Na gani, na ce ko yayin birni ne. Kuma 'yan garinmu da ke ciki sun sani. Babu wanda ya buɗe baki ya ce mini komai, wai kada a ce suna yi mini baƙin ciki. Dillali kuwa har rantsuwa ya yi cewa ruwa bai taɓa wuce bakin ƙofa ba.

A watan Agusta aka fara ruwa da hantsi, bai tsaya ba har azahar. Na bar baro na rugo gida. Ba ta ƙofa ruwan ya shigo ba, ta ƙasa ya ɓulɓulo, ta tsakiyar simintin ɗaki. Na tarar da uwar Ummi a tsaye a kan gado, ƙaramin yana goye, Ummi tana riƙe da zaninta. Ruwan kwata ya haɗu da na rijiya. Bayan kwana biyu Ummi ta kama amai da gudawa, sai da muka kwana huɗu a asibiti.

Baba ya zo, ya naɗe wando, ya ɗauki katifarmu a ka ya kai gidansa ya shanya. Matarsa ce ta riƙa kai mana abinci asibiti.

Na yi ta jira ya ce ai na faɗa maka. Bai faɗa ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Surukina Malam Hudu ya zo daga Saulawa ya tafi da 'yarsa da jikokinsa. Bai yi faɗa ba. A tasha, gaban Baba, ya ce ba ya riƙe mini iyali, amma ba za su sake taka Kaduna ba sai ranar da Idi da bakinsa ya ce masa gida ya yi. Sun san juna tun suna samari, Baba ne ya gina masa ɗakinsa na bulo na farko.

Yau wata goma ke nan.

Yarona a can ya fara tafiya. A wayar wani na gani, bidiyo aka turo mini.

Mutane suna cewa ina da haƙuri, ni ma haka na ɗauka. Na bi Baba unguwa-unguwa ban yi ƙorafi ba. Wani gidan ya ce kwalta ta yi kusa. Wani ya ce samarin bakin layin ba su amsa sallamarmu ba, idonsu ma bai yi masa ba. Akwai wanda komai ya yi, sai da muka zo da safe muka ga makarantar tana ƙetaren wani kwalbati da ba shi da murfi, ya ce a'a. Na haɗiye.

Wata biyu da suka wuce muka samu wani gida a kan tudu. Ɗaki biyu ne, da ɗan tsakar gida. Zuwan safe ya yi: firamare tana layin baya, babu tsallaka titi. Zuwan la'asar ma ya yi. Dattawa ne a bakin masallaci, akwai islamiyya, akwai kemis, kuma wata tsohuwa mai ƙosai ta san sunan kowane yaro da ya wuce. Baba har murmushi ya yi. Saura ruwa.

Ruwa kuma ya ƙi. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. In an yi yayyafi in kira Baba, ya ce wannan ko ƙura bai kwantar ba. Dillali kullum sai ya kira ni, wai wani ma'aikaci yana son gidan. Uwar Ummi ba ta cewa komai a waya, sai dai ta ce Ummi tana tambaya.

Ranar Talata na je na same shi a wajen aiki, yana kan tsani yana filasta. Muka gaisa. Na ce masa gidan nan a kan tudu yake, ko makaho ya san ruwa ba zai hau ba, ya taimaka ya kira Malam Hudu kawai. Ya ce shi bai gani ba tukuna, kuma ba zai faɗa wa Hudu abin da bai gani ba. Gidan tudu ma yana da rufi, yana da inda ruwan maƙwabta ke bi.

Sai na faɗi maganar da ba zan daina nadamarta ba.

"Baba, kai iyalinka suna gabanka, shi ya sa."

Ya daina shafa filastar. Sannan ya ce, "Haka ne, ɗan nan. Ƙara haƙuri kaɗan."

Ya nuna mini gorar kununsa ya ce in sha. Na ce na ƙoshi. Na juya na tafi, ko a huta gajiya ban ce masa ba.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar Alhamis da rana aka tafka ruwan da duk mutanen garin nan suka gani. Yana ɗaukewa waya ta yi ƙara, lambar Baba. Ina kallo har ta katse. Ya sake kira, na sake bari. Na ce a raina zai ce mini ne wannan ma bai isa ba, kuma ba ni da ƙarfin ji. Gaskiya kuma akwai fushi.

Jiya bayan Juma'a lambar ta sake kira. Na mayar da wayar aljihu.

Ba Baba ba ne. Babban ɗansa ne yake bin sunayen da ke cikin wayar yana sanar da jana'iza. Baba ya dawo daga masallaci ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Dama yana fama da hawan jini, bai taɓa faɗa mini ba.

Malam Hudu ne ya kira ni da safen nan. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi jiki, sannan ya yi mini gaisuwar Idi, yana zaton na sani. Da ya ji na ce wane Idi, ya gane. Ya bar ni na yi kukana.

Can sai ya ce Idi ya kira shi ranar Alhamis. Ashe ana cikin ruwan ya ajiye aiki, ya rufa buhu a ka, ya hau mota ya tafi unguwar shi kaɗai. Ya tsaya ya ga inda ruwan layin ke bi. Ya sa aka buɗe masa ɗakunan ya duba silin. Ga abin da ya faɗa wa surukina, yadda ya maimaita mini:

"Hudu, na shiga gidan, ƙasa a bushe, sama a bushe. Ba wa yaron nan iyalinsa, ya yi haƙuri da yawa. Na kira shi in yi masa albishir bai ɗauka ba, wataƙila ba caji."

Akwai caji, Baba.

Malam Hudu ya ce in an yi sadakar uku in je Saulawa in ɗauko su. Na kira dillali, gidan yana nan. Ko dama babu wani ma'aikaci, Allah ne masani.

Wata goma ina jiran wannan maganar. Ta zo, kuma ban san inda zan kai godiyata ba.

Yanzu na fito daga gidan rasuwar. Na mayar da barona zaure inda nake ajiye shi, rabonsa da wurin tun ranar Talata.

Allah Ka gafarta wa Baba Idi, Ka yi masa rahama. Yadda ya tsaya cikin ruwa don yarana su kwana a busasshen wuri, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi gida a Aljanna Firdausi. Allah Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsaya musu.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni ma ku roƙa mini Allah Ya yafe mini, don ban samu na ce masa ya yafe mini ba.