Inda Inna Take Tsayawa

Ina cikin shanya kayan yara a gidana da ke Faskari wayar Yaya Sani ta shigo. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Hadiza, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙiyar riga a hannuna, kuma bayan salati, abin da ya fara faɗo mani a rai shi ne, Allah Ya sa kada wani ya taɓa masa ɗaki.

Mahaifinmu, Malam Isiyaku, malamin kimiyya ne a sakandare har ya yi ritaya. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Sabuwa, rashin tsaro ya taso mu muka dawo Ƙanƙara, kuma Inna ba ta daɗe a sabon gida ba Allah Ya karɓi abarsa. Baba mutum ne mai kunne. Daga jan takalmi a zaure yake gane wanda ya shigo, har da wanda ya shigo da laifi.

Bayan rasuwar Inna ne wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa da sifikoki biyu, dogaye har ƙirjina, na katako mai sheƙi. Ranar da aka kunna su maƙwabta suka cika ɗaki, sai sautin ya fito a bushe, yana sukar kunne. Ƙanena Kabiru ya ce ai ta mai shayin bakin tasha ta fi su ƙara. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ba ƙara nike nema ba. Baƙi ne, gajiyar hanya ba ta sake su ba." Ya nuna mana robar da ta kewaye bakinsu, ya ce tauri gare ta kamar sabon takalmi, sai ta sha aiki za ta yi laushi. Makonni ya bar su suna magana ƙasa-ƙasa da wutar sola, karatun Alƙur'ani da safe, labarai da rana. Duk zuwana sai na tsokane shi, "Baba, baƙin naka sun huta?" Ya ce, "Da saura, ɗiyata."

Da suka huta kuma sai neman masauki. Ya janye su daga bango, ya ɗan karkata fuskokinsu zuwa kujerarsa, ya zauna ya saurara, ya tashi ya matsar da ɗaya kamar faɗin yatsa. Ya fitar da kabad ɗin kwanuka don suna amsa kuwwa, ya rataya darduma a bangon baya. Yakan ce, "Rabin abin da kike ji, ɗakin ne ke faɗa." Da ya gamsu, ya zana gurbin kowace da alli a kan siminti, ya hana shara ta bi ta wurin.

Wata hantsi ya zaunar da ni a kujerar ya ce in rufe ido. Ashe kafin mu baro ƙauye ya taɓa ɗaukar sautin safiyar gidanmu da wata 'yar rikoda mai kunne biyu. Ina rufe ido bango ya tafi. Kurciya tana kuka a kan ɗorawa can dama, da nisa. Shanu suka ratsa ta hagu a hankali har suka ɓace. Wallahi har ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa na ji. Sai ga Inna a tsakiya, daidai tsayinta, a wurin da babu komai sai tabarma, tana cewa, "Malam, kokonka na hucewa, kai kana nan kana ɗaukar kukan tsuntsaye." A nan ya kashe, kuma kullum a nan yake kashewa. Na buɗe ido ina kuka. Ya ce, "Ɗaya ba ta iya kawo ta. Sai su biyu sun yarda, sannan take tsayawa."

Da na isa Ƙanƙara gidan makoki, abin da na ji tsoro shi na tarar. Don masu gaisuwa su sami wurin zama, an ture sifikokin jikin bango, an wanke simintin tas, alli ya bi ruwa. Da aka tashi makoki aka zauna rabon gado, Kawu Lawal, ƙanen Inna, ya duba ya ce, "Wanga kam babu wahala. Sifika biyu, maza biyu." Yaya Sani zai kai tasa shagonsa na Yankara, Kabiru zai ba masallacin unguwa tasa. Ba wanda ya yi nufin sharri, adalci suke nema. Ni kaɗai na san in aka raba su, Inna ba za ta ƙara tsayawa a ko'ina ba.

Na ce, "Kawu, don Allah a ba ni zuwa la'asar." Ya ce, "Mi za ki yi da akwatin kiɗa a gidan mutuwa?" Amma ya bar ni. Na kunna sautin safiyar nan, na ja sifikokin, na zauna, na tashi, na karkata. Da fari muryarta ta bazu a bango kamar hayaƙi, can ta maƙale a hagu. Ina matsarwa ina jin haushin Baba da bai zana da ƙusa ba. Sai a wani ɗan motsi da bai kai faɗin yatsa ba, ta tattaru ta tsaya.

Na kira Kawu, ya zauna a kujerar Baba yana gunaguni, na ce ya rufe ido. Kurciya ta yi kuka, shanu suka wuce, yayarsa ta yi magana a gabansa. Na ga hannunsa ya ɗaga daga gwiwa kamar zai taɓa ta. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin makunni, ban kashe a inda Baba yake kashewa ba. Sai muka ji Baba, kusa, yana dariya ƙasa-ƙasa, ya amsa mata, "Ajiye mani, ga ni nan tahe."

Kawu ya share fuska da hularsa ya ce, "Waɗanga ba a raba su." Yaya Sani da kansa ya fita ya nemo alli.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Isiyaku, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Ka ba mu, 'ya'yansa da jikokinsa, haƙurin rashinsa, Ka haɗa kanmu a bayansa, Ka mayar da zaman lafiya ƙasar da ya mutu yana saurarenta daga nesa. Ya yi wa Inna alkawarin yana tafe. Ya Allah, Ka sada su a Aljanna Firdausi. Amin.