Kai Yaye Ƙofar Marusa da Nafkin Dozin Biyu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da maigidana da yaron, za mu kai shi yaye wajen mahaifiyata a Katsina. Na ce yaron don ɗan fari ne, ba a son a ji sunansa a bakina. Watansa ashirin. Kayansa sun fi namu yawa: nafkin dozin biyu, wandunan roba, manyan fil, da ledar shimfiɗa, don shi mutum ne da bai san a kwana a bushe ba. Tun kafin mu tashi na gindaya wa maigidan sharaɗi, ba zan baro Katsina ba sai na ga yaron ya kwana bai jiƙa wa Inna gado ba. A raina na ba abin mako guda, ko fiye in Allah ya taimake ni.

Motar sabuwa ce, ko ledar kujeru maigidan bai yarda an cire ba. Da ina yi masa dariya, amma kafin Zariya yaron ya nuna mana amfaninta. Hanya kuwa cike da manyan motoci ɗauke da siminti, nan ana haƙa, can ana zuba kwalta, direbobi duk sun manta akwai burki. A Funtuwa muka karya da ƙosai da koko. Mai ƙosan har yanzu da sule take ciniki, ta ce ita nairar nan ba ta ga albarkarta ba. Ƙosan ma ya ƙanƙance. Na ba yaron nono a nan, na sake ba shi a Dutsin-ma ba don ya nema ba.

Da azahar muka shigo ta Ƙofar Kwaya. Rabona da garin tun wankan jego. Rufin kwano ya yi yawa, shaguna sun tsiro inda na san fili, amma lungunmu na Ƙofar Marusa yana nan yadda na bar shi, har ƙamshin daddawar maƙwabta. Inna ta karɓi yaron tana tsiyar angonta ya zo mata hannu rabbana. Maigidan ya durƙusa ya gaishe ta, ya wuce gidan danginsa.

To ni mai kunyar ɗan fari, ta ina zan buɗe baki in ce wa uwata ta kula min da ɗa? Sai na buɗe akwati na kafa makaranta. Na nuna mata yadda ake haɗa nafkin biyu na dare, a tara kaurin a gaba tunda namiji ne, a kama da fil, a tura kowane gefe cikin wandon roba, don ko bakinsa kaɗan ya leƙo zai jawo fitsari har katifa. Sau uku ina maimaitawa. Inna tana cin goronta tana kallona.

"Ke, bakwai na raina a ɗakin nan," in ji ta, "ba wanda ruwa ya ci."

Da yamma na ga nata aikin. Ta ba shi tuwo tun kafin magariba, bayan nan ba kunu, sai kurɓin ruwa. Da zai kwanta ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai, tana lallaɓa shi har ya yi fitsari. Ta yage wani tsohon zanenta da wanki ya lausasa, ta ninka uku ta sa cikin nafkin. Ba ta raina wandon robana ba, amma ta zaɓi wanda bai matse cinya ba, ta kuma tura gefen ciki yadda na ce. Daga nan ta kora ni ɗakin da na yi 'yanmatanci. Na ji kukansa ta bango har ya gaji, ni kuma na danne kaina ban fita ba.

Da safe na riga kowa zuwa duba shimfiɗa. Ƙyallen ciki ya jiƙe, zanen gado kuwa a bushe ƙayau. Kamata ya yi in yi murna, amma wallahi sai na ji kamar an yi min sata. Makon nan nawa guda ya tafi a dare ɗaya. Inna ta ce ba wani asiri, wanda ya kwana yana sha dole ya kwana yana zubarwa.

Ta aika da yaron maƙwabta don kada ya ga fitata. A zaure na fara wani sabon bayani a kan fil, sai ta katse ni.

"Na san ba nafkin kike hwaɗi ba tun jiya. Ranar da aka kai ki yaye, a kan hularki na yi ta ba da saƙo. Tahi, ɗiyata, yana hannuna."

Ta danƙa min ragowar zanen nan ta ce zan neme shi a hanya. Ban gane ba sai da muka wuce Ƙanƙara, na ji gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Na ninka ƙyallen uku na sa, na juya fuska wajen taga. Maigidan ya yi kamar bai gani ba, Allah ya saka masa.

Mun iso gida bayan la'asar lafiya. Mai jariri da ke fama da jiƙa, ga abin da na samo: a rage sha da dare, a sa shi fitsari kafin barci, a ƙara ƙyalle mai laushi, a tura gefe ciki. Wannan kam dare ɗaya ya isa a koya. Sauran kuwa, yau kwana tara ke nan, nono ya fara ƙafewa, ni ce har yanzu ban yayu ba.